Filin Tambaya Da Amsa: Malam, Ina Son Zama Lakcara A Fannin Tattalin Arzikin Ƙasa Da Ƙasa

Assalamu alaikum masu karatu, barkanmu da sake haɗuwa. Wannan karon saƙonnin da suka shigo kusan duk a kan abu ɗaya suke, wato koyarwa da bincike a jami'a a fannin tattalin arzikin ƙasa da ƙasa, to sai na tsamo guda uku, sauran ku yi haƙuri, ina ganin amsoshinku na ciki.

TAMBAYA: Salam Malam, da fatan kana lafiya, ya aiki ya ɗalibai. Ni ina ajin ƙarshe ne a sashen tattalin arziki, kuma gaskiya duk kwasakwasan da muka yi babu wanda ya shiga raina kamar na ƙasa da ƙasa, har wani lokacin nakan ji ina ma ni ne a gaban allo. Burina in zama lakcara in riƙa bincike. Matsalata lissafi, ba wai ban iya ba ne gaba ɗaya, amma da ƙyar nake haye shi. Abokaina kuma suna cewa in dai ba Bankin Duniya zan shiga ba to ɓata lokaci ne kawai. Dan Allah ta ina zan fara? Daga ɗalibinka.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya cika maka burinka. Wannan da ka ce kana jin ina ma kai ne a gaban allo, wallahi shi ya sa na sa wasiƙarka a farko, don na san wannan jin.

Ka fara sanin cewa fannin nan reshe biyu gare shi. Akwai na kasuwanci, wato me ya sa ƙasashe ke saye da sayarwa a tsakaninsu, wa ke samu wa ke asara in an ƙara kuɗin fito ko an rage. Sannan akwai na kuɗi, canjin kuɗi, bashin ƙasashe, shige da ficen jari, irin abin da ya faru a 1971 da Amurka ta daina musanya dala da zinari, ko rikicin da ya taso daga Tailan a 1997 ya bazu a Asiya. Da wuya ka ga mutum ɗaya ya ƙware a duka biyun, don haka tun yanzu ka fara lura wanne ne in kana karantawa ba ka duba agogo.

Ni dai na kasuwanci ne ya kama ni, kuma har gobe darasin da na fi so shi ne na David Ricardo, masanin tattalin arziki ɗan Ingila. Duk shekara in mun zo wurin sai in rubuta lambobi huɗu a allo, waɗanda ya kawo a littafinsa na 1817: Ingila na buƙatar aikin mutum 100 na shekara ɗaya ta saƙa yadi, mutum 120 ta yi giyar inabi, ita kuwa Fotugal mutum 90 a yadi, 80 a inabi. Sai in ajiye alli in yi shiru. Aji ya yi tsit, can sai wani daga baya ya ɗaga hannu ya ce Malam ai Fotugal ta fi ta a komai, to me za ta saya a wurinta? Sai in ce mu lissafa tare. In Fotugal ta bar saƙa ta tsaya a inabi, da aikin mutum 80 za ta karɓo yadin da da sai ta sa mutum 90, ta tsira da 10 kenan, ita ma Ingila da aikin mutum 100 ta samu abin da da zai ci mata 120. Kowa ya ƙaru, har wanda aka fi a komai. Ka ga lokacin da abin ke shiga kan yara, wani ya buɗe baki, wata ta ɗauki biro ta sake lissafawa da kanta don ba ta yarda ba, to wannan minti biyun yana daga cikin abin da ya riƙe ni a aikin nan.

Yanzu maganar lissafi, ba zan ɓoye maka ba, babu yadda za ka kauce masa. Digirin dakta a Amurka yakan ci shekara biyar zuwa shida, kuma shekara biyun farko kwas ne zalla, ƙaramin tattalin arziki (na gidaje da kamfanoni), babban tattalin arziki (na ƙasa baki ɗaya), da ikonometiriks (gwada ƙa'idoji da alƙaluma), dukkansu da harshen lissafi ake yin su. A Turai galibi sai ka yi masta tukuna sannan ka ɗora shekara uku ko huɗu. Amma fa “da ƙyar nake hayewa” daban, “ba zan iya ba” daban. Abin da ake buƙata sananne ne, kalkulas, aljabarar matiris, da ƙididdiga, kuma abu ne da ake koyo da zama da maimaici kamar yadda ake koyon kowace sana'a, awa ɗaya kullum na shekara guda ya fi kwana bakwai ba barci gab da jarabawa. Na ga ɗaliban da suka shigo da kaifin lissafi suka tsaya a hanya, na ga kuma masu rarrafe da suka gama, kuma in ka duba bambancinsu sai ka tarar su masu rarrafen suna da wata tambaya da ta hana su sakat.

Nan ne nake so ka tsaya sosai. Bincike ba haddace abin da manya suka faɗa ba ne, zuwa ake a duba ko gaskiya ne. An daɗe ana koyar da ƙa'idar Heckscher da Ohlin cewa ƙasa mai yawan jari kayan da ke cin jari za ta riƙa fitarwa, sai Wassily Leontief ya duba alƙaluman Amurka a 1953 ya tarar kayan da take fitarwa sun fi cin ƙwadago a kan waɗanda take shigowa da su, alhali ita ƙasa ce mai yawan jari, abin ya rikita kowa, kuma wannan rikicewar ta haifi bincike na shekaru. Haka bayan Sin ta shiga Ƙungiyar Kasuwanci ta Duniya a 2001, da yawa sun ɗauka ma'aikacin da masana'antarsa ta rufe zai koma wani aikin cikin sauƙi, sai masana uku, Autor da Dorn da Hanson, suka bi Amurka yanki yanki, suka nuna a 2013 cewa wuraren da kayan Sin suka fi yi wa gogayya sun rasa ayyukan masana'antu kuma rashin aikin ya zauna musu. To kai mece ce taka tambayar? Ba sai ta zama babba ba. Ka sayi ɗan littafi, duk abin da ka karanta ka ji bai gamsar da kai ba ka rubuta, kuma ka manne wa malami ɗaya mai bincike a sashenku ka ce ya ba ka aiki ko da shigar da data ne, don wasiƙar shaidar da zai rubuta maka tana da nauyi ƙwarai wajen neman gurbi, kuma manyan shirye-shiryen dakta da yawa su ke ɗaukar nauyin karatun har su ba ka alawus kana taimakawa da koyarwa.

Maganar abokanka kuwa ka duba amsa ta uku.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ni ƙaramar lakcara ce, ina da masta, shekarata biyu da fara koyarwa. Azuzuwa sun yi min yawa, ga makin takardu ga taron sashe, binciken da na yi da ƙyar kuma na tura mujallu biyu duk sun dawo min da shi, ɗaya ma ko karantawa ban jin sun yi. Wallahi na fara tunanin ko ba a yi ni don wannan aikin ba. Daga wata 'yar uwa.

AMSA: Malama, sannu da ƙoƙari, Allah ya ba da lada. Na karanta saƙonki sau biyu don ya tuna min da kaina. Takardata ta farko wata mujalla ta riƙe ta kusan shekara, rannan da safe na buɗe imel na ga layi biyu na edita da shafi uku na mai tantancewa, ya bi aikin ya tsefe shi tas, na rufe kwamfutar na kwana biyu ban sake buɗe saƙon ba. Da na huce na dawo na karanta a nutse sai na ga cikin abubuwa tara da ya lissafo shida yana da gaskiya, musamman inda ya ce ban nuna cewa yarjejeniyar kasuwancin da na yi nazari a kanta ce ta ƙara ciniki tsakanin ƙasashen ba, wataƙila ƙasashen da dama can suna ciniki sosai su ne suka ƙulla yarjejeniyar. Wannan gyaran ya koya min abin da kwas guda bai koya min ba.

Mayar da takarda ba hukunci ba ne a kanki. George Akerlof mujallu uku suka ƙi takardarsa a kan kasuwar tsofaffin motoci kafin ta fito a 1970, kuma tana cikin abin da ya kai shi ga kyautar Nobel a 2001. Sannan kar ki ce sai mujallun nan biyar da ake wa kallon ƙololuwa, irin su American Economic Review da Econometrica, mafi yawan abin da ake tura musu mayarwa suke. Takardar Paul Krugman ta 1979, wadda ta bayyana dalilin da ya sa ƙasashe masu kama da juna ke sayar wa juna kaya iri ɗaya, a Journal of International Economics ta fito, mujallar fanninmu, kuma ya karɓi Nobel a 2008. Ki duba mujallun da ke cikin madogarar takardarki, can ne masu karatunki suke.

Abin da ya sa nake ƙarfafa miki gwiwa shi ne fannin nan ba ya buƙatar ɗakin gwaji, kwamfuta da intanet da haƙuri ne jarinsa. Rumbun Comtrade na Majalisar Ɗinkin Duniya na ɗauke da alƙaluman cinikin ƙasashe kaya kaya, manhajar R ta nazarin alƙaluma kyauta ce, kuma samfurin da Jan Tinbergen ya kawo a 1962, cewa ciniki tsakanin ƙasa biyu na ƙaruwa da girman arzikinsu yana raguwa da nisan da ke tsakaninsu, har yau da shi ake aiki. Sai dai ki shirya wa datti a data. Za ki ga ƙasa ta ce ta fitar da kaza, wadda ta karɓa ta rubuta wani adadi daban, wani ɓangaren dalilin shi ne mai shigowa da kaya na haɗawa da kuɗin jirgi da inshora, mai fitarwa kuma ba ya haɗawa, wani lokacin ma kayan sun biya ta tashar wata ƙasa ta uku an rubuta su a can. Ga lambobin da kwastan ke rarrabe kaya da su, masu lamba shida, da ake sabuntawa kusan duk shekara biyar, in ba ki daidaita su ba sai ki ga wani kaya ya ɓace a 2017 ki ɗauka ciniki ne ya mutu alhali lamba aka canja masa. Rabin aikin bincike wannan ne, ba wanda zai tafa miki a kai, amma wanda ya tsallake shi sakamakonsa ba ya tsayawa.

Batun lokaci kuma, ki yanki safiya biyu a mako ki ce ta rubutu ce, ki kashe waya, ki kare su kamar yadda kike kare lokacin lakca. Ki nemi abokin rubutu ko da a wata ƙasa yake, yawancin takardun fannin yanzu mutum biyu ko uku ke rubuta su. Kuma ki sa digirin dakta a gaba, don ba tare da shi ba ƙarin girma a jami'a tsayawa yake a wani mataki.

TAMBAYA: Malam, ɗana ne ya dage sai koyarwa, ni kuma na fi so ya shiga Asusun Ba Da Lamuni na Duniya ko Bankin Duniya. Shin in ya shiga jami'a ƙofar can ta rufe kenan? Daga wani uba.

AMSA: Ranka ya daɗe, ba ta rufe ba, hasali ma hanyar ɗaya ce har wani wuri. Hukumomin nan biyu da aka kafa harsashinsu a taron Bretton Woods na 1944 suna da sassan bincike, kuma masu digirin dakta suke ɗauka a can. Joseph Stiglitz daga jami'a ya fito, ya zama babban masanin tattalin arziki na Bankin Duniya a 1997 sannan ya koma aji, Gita Gopinath farfesa ce a Harvard kafin ta riƙe irin wannan muƙamin a Asusun a 2019. Albashin can ya fi na yawancin jami'o'i, wannan gaskiya ne ba zan musa ba, sai dai a can hukuma ce ke zaɓa maka abin da za ka bincika da ranar da za ka miƙa, a jami'a kuwa tambayarka taka ce ko za ta ci shekara biyar. Ka zaunar da shi ka tambaye shi wanne ya fi so cikin biyun nan, ka bar shi ya gama daktan tukuna, shekarar ƙarshe zai iya tura takardarsa wuraren biyu a lokaci ɗaya.