Shafina ya ƙi buɗewa, in koma VPS?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Na haɗa wa wata Islamiyya manhajar duba sakamakon jarrabawa da Laravel, wato kayan aikin haɗa manhajar yanar gizo. A kwamfutata lafiya lau take aiki, amma da na ɗora ta a hostin na haɗaka da na biya kuɗin shekara, lamba 500 kawai nake gani. Abokina ya ce sai na sayi VPS. In saya? Daga mai karatu a Ƙofar Marusa, Katsina.

Amsa: Ƙanena, riƙe kuɗinka tukuna. Hostin na haɗaka gidan haya ne, kai da wasu kuna zaune a saba ɗaya, wato kwamfutar da ke ɗauke da shafuka, mai gida ke kula da gyara. A VPS kuwa, wato yankin saba da aka keɓe maka kai kaɗai, kango za a miƙa maka, tsaro da sabunta komai duk a wuyanka. Ɗaliban Islamiyya ɗaya ba su kai nauyin da zai kore ka daga haya ba.

Ita 500 cewa kawai take yi wani abu ya lalace. Bayanin yana cikin fayil ɗin error_log, ko laravel.log da ke cikin storage/logs. Buɗe shi ka karanta layukan ƙarshe kafin ka taɓa komai.

Abin da na fi zargi shi ne PHP, yaren da Laravel ke aiki da shi. Laravel 11 ba ya tashi a ƙasa da PHP 8.2, hostin da yawa kuma a kan tsoho suke barin mutum. A cPanel, shafin sarrafa hostin ɗinka, za ka canza, ko minti biyu ba za ka yi ba. Sai .env da .htaccess, fayilolin saiti guda biyu. Sunansu da ɗigo ya fara, don haka a ɓoye suke, sau tari a kwamfuta ake baro su. Ni kaina na taɓa kwana a kan wannan, janareta na shan mai, ashe fayil ɗaya ne bai hau ba. Kunna nuna ɓoyayyun fayiloli ka duba. A cikin .env ɗin, ka tuna cPanel na liƙa sunan asusunka a gaban sunan rumbun bayanai, root, sunan shigar da kake amfani da shi a XAMPP na kwamfutarka, ba ya aiki a can.

Izini kuwa, wato lambar da ke nuna wanda zai iya karanta fayil ko canza shi, 755 ga folda, 644 ga fayil. Duk wanda ya ce ka sa 777, yi masa godiya ka wuce.

Abu ɗaya nake roƙonka: abin da ke cikin foldar public kaɗai zai shiga public_html, foldar da duniya ke gani, sauran su zauna a waje, ka gyara hanyoyin da ke cikin index.php. In ba haka ba, kowa na iya buɗe .env ya kwashi kalmar sirrinka, ga sakamakon 'ya'yan mutane a ciki. In ka gwada duk wannan bai tashi ba, turo min layukan nan na ƙarshe.