Kati, Goro da Tsohuwar Firintar Babanku

Ɗana, saƙonka ya iso, ƙaninka ya kunna min shi bayan La'asar. Ka tambaye ni ko lalle sai an buga katin ɗaurin auren ƙanwarku tunda kowa yana WhatsApp, ga shi kuma firintar marigayi babanku, Allah ya jiƙansa, ta ƙi aiki da sabuwar laftof ɗinka. Kamar dai kana neman in ce maka a bar katin ne saboda firinta ta gagara. Ba zan ce ba, amma kuma katin bai kai girman da kake ba shi ba.

A garin nan kati bai taɓa zama gayyata ba. Gayyata ƙafa ce. Liman, Dagaci, Mai Unguwa, kawunnanku na Ringim da gwaggonninku da ke aure a ƙauyuka, waɗannan zuwa ake yi. Ka yi sallama, ka cire takalmi, ka durƙusa ka gaishe su har gaisuwar ta ƙare, sannan ka ajiye goro da alawa ka ce, "Baffa ne ya aiko ni, an sa ranar wance." Kada ka ce kai ne kake gayyata. Ni ne waliyyinta, da bakina za ka yi magana, ko da kuwa kuɗin daga aljihunka suka fito. Ka sayi goro ƙwarya biyu, ƙwarya ɗaya goro 100 ke nan, ka zaɓi manyan ka ware wa dattawa. Gayyar mata ka bar wa innarku da ƙannenta, sun fi mu sanin gidan da in an tsallake shi za a shekara ana zancen. Sauran jama'ar gari kuwa sanarwar masallaci ta ishe su.

Kati na mutanen nesa ne da abokan aiki, da kuma dangin ango da za su so a ga sunan gidansu a rubuce. A sama a sa "Iyalan marigayi wane da na wane", babanku da farko, kada a sa sunana a gurbinsa. Abokanka na makaranta ka tura musu hoton katin ta waya, babu laifi. Amma dattijon da ya riƙe babanku tun yana yaro, in ya fara jin labarin a wayar jikansa, zai zo ɗaurin auren, zai yi addu'a, kuma ba zai manta ba.

Sai firinta. HP LaserJet 1100 ce, na san ta, irinta na yi aiki da ita a ofis kafin in yi ritaya. Lafiyarta ƙalau, zamani ne kawai ya raba su da laftof ɗin. Wayarta, wato kebul ɗin da ke haɗa ta da kwamfuta, mai faɗin kai ce, mai allura 25, kuma kwamfutocin yanzu ba su da wannan ramin. Ka ɗauki tsohuwar wayar ka je Beirut Road a Kano, ka ce a ba ka mahaɗin da zai karɓi kan nan mai allura 25 ya mai da shi USB. Ka tafi da wayar a hannu, don bakin da ke shiga jikin wannan firintar ƙarami ne, ba irin na sauran tsofaffin ba, kuma in ka kwatanta da baki wata za a ba ka. In ramukan laftof ɗinka duk ƙanana ne, wato USB-C, sai ka ƙara da ɗan mahaɗinsu.

Faifan da ka gani a kwalinta ka manta da shi. Direban da ke ciki, wato manhajar da ke sa kwamfuta ta gane firinta, na tsofaffin Windows ne, Windows 11 kuwa mai 64-bit ce kawai, ba za ta karɓe shi ba. Ka jona waya, ka kunna firintar, a laftof ɗin ka shiga Printers & scanners, ka danna Add device, ka jira har Add manually ya fito. Ka zaɓi local printer, a wajen port ka ɗauki USB001, kada ka bar shi a LPT1. In jerin sunaye ya fito ka danna Windows Update, ka yi haƙuri, yana cin lokaci da data, gara ka yi wannan a birni inda sabis yake da ƙarfi. In babu 1100 a jerin, ka ɗauki LaserJet 4 ko wani direban PCL5, tana jin wannan yaren.

Ƙurar hunturu ta shekaru tana cikinta. Ka goge robar da ke jan takarda da tsumma mai ɗan laima, ka fito da katrij ɗin, wato mazubin hodar tawada, 92A ne, ka girgiza shi a hankali hagu da dama. Takardar kati mai kauri ce, ɗaya-ɗaya za ka riƙa sawa, ka sauke ɗan hannun da ke gaba don ta fito miƙe. Kuma don Allah kada ka jona ta a ƙaramar inbatar solar innarku, tana jan wuta sosai in tana ɗumama. Ka zo nan a tayar da janareta.

In ta buga shafin gwaji, ka buga kati ɗaya tak ka kawo min in duba sunaye kafin a buga sauran. Ka gaida innarku.