Hukuncin ƙawata kek da adon sukari: furanni, 'yan tsana da rubutun ayoyi

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni matar aure ce, ina yin kek a gida don iyalina, wani lokaci kuma ina karɓar aikin biki da suna da walimar sauka. Na fara koyon yin ado da sukari, irin wanda ake murzawa a rufe kek da shi a kuma ƙera furanni. Sai na ji ana cewa akwai jelatin a ciki, kuma masu koyarwa a intanet suna dama kalar zinare da giya. Sannan masu ba ni aiki suna neman in ɗora musu amarya da ango, ko ɗan beyar na yara, ko in rubuta aya a kek ɗin sauka. Mene ne ya halatta gare ni a cikin wannan?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Da sunan Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

'Yar'uwa, sana'arki halal ce, kuma ƙawata abinci ba laifi ba ne. Allah Ya ce a Suratul A'araf, aya ta 32: "Ka ce, wa ya haramta ƙawar Allah da Ya fitar wa bayinsa, da daɗaɗan abubuwa na arziki?" Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, cewa Annabi (SAW) ya kasance yana son kayan zaƙi da zuma. Saboda haka asalin abin halacci ne, sai inda dalili ya tsayar da mu.

Mu fara da jelatin. Ana tatso shi ne daga fata da ƙashin dabba, kuma kaso mai yawa na wanda ake yi a Turai daga fatar alade yake. Wani daga shanu ne, wani daga kifi. Shi ke sa fondan, wato sukarin nan da ake murzawa a rufe kek da shi, ya yi danƙo ya miƙu ba tare da ya tsage ba, kuma yana cikin alewar mashmalo da wasu ke narkawa su haɗa fondan da ita. Malaman wannan zamani sun saɓa a kansa. Taron da Ƙungiyar Musulunci ta Ilimin Likitanci ta yi a Kuwait a 1995 ya tafi a kan cewa sarrafawar ta juya shi zuwa wani abu dabam, don haka ya tsarkaka, kamar yadda giya ke tsarkaka idan ta juye da kanta ta zama khal. Ita kuwa Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Amman a 1986, ta ce bai halatta Musulmi ya sa jelatin ɗin alade a abinci ba, domin na tsirrai da na dabbar da aka yanka bisa shari'a ya wadatar.

Magana ta biyu nake ba ki fatawa da ita. Juyewar da ake faɗa ba ta tabbata ba, domin masana sinadarai suna iya gwada jelatin su gane daga wace dabba ya fito, wato asalinsa bai gushe gaba ɗaya ba. Sannan ke ba ki cikin lalura. Wanda likita ya rubuta wa ƙwayar magani mai kwanson jelatin, babu wata a madadinta, hukuncinsa dabam ne da na mai son yin fure a kan kek. Ki nemi jelatin na kifi, ko na shanu mai shaidar halal. Idan kwalin ya rubuta jelatin kawai bai faɗi tushensa ba, ki ajiye shi. Garin CMC da ake zubawa don furanni su bushe su yi ƙarfi daga tsirrai yake, haka agar daga ciyawar teku, haka ƙaron nan namu na Yobe da Borno, wanda ake jiƙawa ya zama abin liƙa ado. Adon da ake yi da farin ƙwai da garin sukari kuwa babu jelatin a cikinsa tun farko. Gilisarin ma, wanda ake sa wa fondan don ya yi laushi, ki duba, ki ɗauki wanda aka rubuta na tsirrai ne.

Maganar giya ba ta da tsawo. Suna dama kala da ita ne saboda tana saurin bushewa, sai su ce ai ta tashi ta bi iska. Ko mun sallama da haka, kafin ta tashi sai kin saye ta kin ajiye ta a ɗakin girkinki, kuma hadisin Tirmizi ya ambaci mai sayen giya da mai ɗaukarta cikin waɗanda aka la'anta. Wannan haramun ne. Ki dama kalar da ruwan lemun tsami ko ɗan ruwa kaɗan, ki yi haƙuri ta bushe. Ruwan banila na asali ma ana jiƙa shi ne da sinadarin barasa, a dokar Amurka ba ya gaza kashi 35 cikin 100. Akwai malaman da suka sauƙaƙa a ɗigon da ke ɓacewa cikin ƙullu, amma tun da garin banila yana nan a kasuwa, ki koma gare shi ki huta.

Inda na fi so ki tsaya ki saurare ni shi ne maganar siffofi. Wani mutum ya zo wa Abdullahi ɗan Abbas ya ce sana'arsa yin siffofi ce, da ita yake ci. Ɗan Abbas ya karanta masa gargaɗin Annabi (SAW) cewa za a azabtar da mai yin siffa a ce ya busa mata rai, alhali ba zai iya ba. Da ya ga mutumin ya firgita, sai ya ce masa in ya zama dole, to ya yi bishiyoyi da duk abin da ba shi da rai. Hadisin yana cikin Bukhari da Muslim, kuma kamar amsar tambayarki ce kai tsaye. Ba a rufe masa hanyar abinci ba, an juya masa ita ne. Furanni, ganye, taurari, jinjirin wata, mota, ƙwallo, zanen lalle, dagin Arewa, duk ki yi abinki.

Za a ce miki ai wannan sukari ne, yanzu za a cinye shi. Malamanmu na Malikiyya sun riga sun tattauna wannan tun kafin a san fondan. Shehu Dardir, a sharhinsa na Mukhtasar Khalil, wajen maganar walima, ya ce siffar mai rai idan tana da jiki mai inuwa, gaɓoɓinta cikakku, haramun ce in tana daɗewa, haka ma in ba ta daɗewa bisa zance mafi rinjaye, ya ba da misali da wadda aka sassaƙa daga ɓawon kankana. To amarya da angon sukari da ke tsaye a saman kek, da kai da fuska da hannuwa, sun shiga nan. Kada ki yi su, kada ki karɓi kuɗin yin su.

Ɗan beyar na yara ya fi sauƙi, domin Nana A'isha ta yi wasa da 'yan tsana a gidan Annabi (SAW), har da doki mai fukafukai, bai hana ta ba. Wasu malamai sun faɗaɗa wannan rangwamen zuwa alewar yara, kuma ban ce wanda ya bi su ya ɓata ba. Sai dai ni a ganina rangwamen na abin wasa ne da yarinya ke ja a ƙasa, shi kuwa na kan kek ana ɗora shi ne a kalla a ɗauki hoto. Mafita ita ce abin da Mala'ika Jibrilu ya umarta a hadisin Abu Dawud da Tirmizi, a cire kan siffar ta koma kamar bishiya. Rigar amarya ba kai, ko takalmin jariri, ko sawun beyar, duk sun halatta. Hoton da aka buga a shimfiɗe kan takardar sukari ba shi da inuwa, a mazhabarmu bai wuce karhanci ba. Idan kuwa an kawo miki kek mai siffa kyauta, ki karya kan ku ci, sukarin bai haramta ba.

Saura kek ɗin sauka. Kada ki rubuta aya ko sunan Allah a kansa, kada kuma ki ƙera shi da kamannin Alƙur'ani a buɗe. Na san wani zai ce ai muna shan rubutu. Shi rubutun sha, a wurin malaman da suka halatta shi, ana yin sa ne da niyyar neman waraka, a wanke allon cikin ƙwarya mai tsabta a shanye. Kek kuwa wuƙa ake sa wa, ta raba kalmar gida biyu, yara su damƙa da hannu, ragowar ta manne a kwali a watsa a bola. Wannan ba girmama maganar Allah ba ce, ko da niyyar iyayen kyakkyawa ce. Ki rubuta sunan yarinyar da "Barka da sauka", shi kuwa "Allah Ya sa albarka" a faɗe shi da baki, ba da sukari ba, tun da akwai sunan Allah a ciki. Idan sunan mai saukar Abdullahi ne ko Abdurrahman, ki rubuta shi a kati a soka a gefe, a cire kafin a yanka.

Wani abu da ba ki tambaya ba amma yana wuyanki: waya da tsinken da ake tokare furanni da su, da ƙyalƙyalin da ba na ci ba ne. Annabi (SAW) ya ce babu cuta babu cutarwa. Ki sa abin da aka rubuta ana ci kawai, kuma ki gaya wa mai kek ɗin duk inda kika soka tsinke, musamman idan yara ne za su ci.

Allah ne Mafi sani.