Lasisi na hannunka, saura wanda zai ba ka mota

Ɗana, na ji tambayarka. Ka ce ka gama makarantar koyon tuƙin manyan motoci, lasisi ya fito, amma duk inda ka je neman aiki sai a tambaye ka shekara nawa ka yi a kan hanya, kai kuwa ko wata ɗaya ba ka da shi. Ka kuma ce akwai wani kamfani da ya yi maka tayin kuɗi mai tsoka, har da alƙawarin motar za ta zama taka bayan wasu shekaru, kana so ka ji ko ka karɓa. Zan amsa maka duka biyun, amma sai ka yi haƙuri da ni, don maganar tana da ɗan tsawo.

Da farko ka cire wa ranka cewa raina ka ake yi. Mai mota ba shi kaɗai yake yanke hukuncin wanda zai hau motarsa ba, akwai kamfanin inshora a bayansa. Su masu inshora lissafi suke yi, kuma lissafinsu ya nuna musu cewa sabon direba ya fi tsohon hannu yawan goge mota da ƙananan haɗurra. Saboda haka da yawansu sukan gindaya sharaɗin shekara ɗaya ko biyu a kan hanya, ko kuma su tsawwala kuɗi idan za a ɗora sabo. Mutumin da yake da mota biyu ko uku ba zai iya ɗaukar wannan nauyin ba, ko da ya so ka. Akwai kuma batun shekarun haihuwa: a Amurka, alal misali, ƙa'idar ita ce sai direba ya kai 21 kafin ya ɗauki kaya daga wata jiha zuwa wata. In ka gane wannan, za ka daina ɓata takalminka a ƙofofin da ba za su buɗe maka yanzu ba.

Waɗanda za su buɗe maka iri biyu ne. Akwai manyan kamfanonin sufuri masu ɗaruruwan motoci, waɗanda kullum suna neman direbobi kuma suna da tsarin haɗa sabo da tsohon direba na wasu makonni kafin su sake masa mota. Akwai kuma ayyukan da samari ke ɗaga wa hanci: tifar yashi da tsakuwa, motar kwaɓa siminti, motar shara, rarraba kaya cikin gari, ko jan bodi a cikin harabar kamfani daga wurin lodi zuwa wurin ajiya. Wannan na ƙarshen ina so ka sa shi a ranka. Wanda yake jan bodi a haraba yana yin ribas sau da dama a yini ɗaya, fiye da abin da direban dogon zango zai yi a mako. Duk wanda ya fito daga nan, hannunsa a ribas ba ya rawa.

Wajen nema kuwa, kada ka tsaya ga cika takarda a waya kawai kana jiran kira. Ka koma wurin malaman da suka koya maka, ka tambaye su waɗanne kamfanoni ke ɗaukar ɗalibansu. Ka je inda direbobi ke shan mai ko jiran lodi, ka gaishe su da ladabi, ka tambayi wanda yake sanye da rigar kamfanin da kake so yadda ake biyansa da yadda ake gyara masa mota. Mai ɗaukar ma'aikata aikinsa ya cike gurbi, zai faɗa maka mai daɗin ji. Direban da yake cikin motar shi zai gaya maka gaskiya. Ranar da za ka je, takardunka su kasance a haɗe: lasisi, takardar likita, shaidar makaranta, da tarihin tuƙinka. In an taɓa cin ka tara ko ka taɓa yin haɗari da ƙaramar mota, ka faɗa da bakinka. Za su bincika, kuma laifin da aka ɓoye ya fi wanda aka faɗa kore mutum. Wurare da yawa za su gwada ka ko kana shan ƙwaya. Wannan ba na ma so mu tsaya a kansa, ka san matsayina.

Yanzu ga inda nake so ka buɗe kunne da kyau. Za su ba ka gwajin tuƙi, kuma yawancin samari suna zaton gwajin yana farawa ne lokacin da suka tayar da injin. Mai gwada ka ya fara kallonka tun kana tafiya zuwa wurin motar. Da an miƙa maka makulli, kada ka yi tsalle ka haye. Ka zagaya ta a hankali, kana taɓawa kana faɗin abin da kake dubawa. Buɗe ka duba baƙin mai da ruwa da bel. Leƙa ƙasa ka ga ko wani abu yana ɗiga. Bi tayoyi ɗaya bayan ɗaya, har na ciki a inda suke biyu-biyu, domin ta ciki tana iya yin faci ta waje ta rufa mata asiri. Dubi notocin taya: in ka ga tsatsa ta ja layi daga jikin noti, alama ce ya fara kwancewa. Kunna fitilu duka ka sauko ka gan su da idonka.

Sai wurin haɗa kai da bodi. Bayan ka yi baya ka ji ya kama, kada ka yarda da kunnenka kaɗai. Ka bar birkin bodi a kulle, ka sa giya ta ƙasa, ka ɗan ja gaba kaɗan ka ji ko ya riƙe. Sannan ka sauko da tocila, ka durƙusa ka leƙa ƙarƙashi: ka ga haƙoran farantin da ke bayan kan motar, wanda bodi ke zama a kansa, sun rufe ƙusar bodin sosai, ka ga babu rata tsakanin farantin da cikin bodin, ka ga hannun kullewa ya koma mazauninsa. Daga nan ka haɗa robobin iska da wayar wuta, ka ɗage ƙafafun bodin har ƙarshe. In ka hau, ka zuba wa agogon iska ido. Ya kamata iskar ta taru ta tsaya wajen PSI 120 zuwa 125 (PSI shi ne ma'aunin ƙarfin iska). Kashe injin, saki birkin ajiya, danne birkin ƙafa na minti ɗaya ka ga ko allurar tana sauka. Sai ka yi ta tattaka birkin kana zubar da iska: fitilar gargaɗi ko ƙara ya kamata ta tashi wajen PSI 60, in ka ci gaba kuma birkin sifirin, wato na ajiya, ya kama da kansa tsakanin 20 da 45. Duk wannan an koya maka a makaranta, na sani. Abin da nake gaya maka shi ne ka yi shi a gaban mai gwada ka ba tare da ya ce ka yi ba, kuma ba da gaggawa ba. Na sha zama a kujerar mai gwaji, kuma tun daga wannan zagayen nake sanin wanda zan ɗauka.

A kan titi kuma, ba gwaninta ake nema ba. Ka buɗe kwana yadda tayoyin bayan bodi ba za su hau gefen titi ba, idonka yana yawo tsakanin madubai, ka bar rata mai yawa tsakaninka da na gaba. Mota mai nauyin tan 36 da ke gudun kilomita 105 a awa tana cin kusan mita 160 kafin ta tsaya, a busasshen titi ke nan da birki mai kyau. In aka zo ribas kuma ka ji shakka, ja birki, sauko, je ka duba bayan. Ko sau uku ne ka sauko. Babu mai hankalin da zai hana ka aiki don ka sauka ka duba, amma goge bango sau ɗaya ya isa a ce ka tafi za a kira ka.

To, idan sun ce sun ɗauke ka, kai ma kana da tambayoyinka, kuma kada kunya ta hana ka yin su. Aikin farko makaranta ce ta biyu, don haka babbar tambaya ita ce wa zai koya maka. Mako nawa za ka yi da tsohon direba? Shekara nawa shi ya yi yana tuƙi? Zai zauna a gefenka ido biyu, ko kuwa zai kwanta a baya yana barci kai kana tuƙi don mota ta yi ta tafiya dare da rana? Wasu wuraren suna kiran wannan horo, ni ban yarda horo ne ba. Wanda yake barci ba zai nuna maka yadda ake saukar gangara da cikakken lodi ba, cewa giyar da za ka sauka da ita tun daga sama ake zaɓenta, kuma ba a ɗora ƙafa a birki har ya yi zafi ya daina kamawa. Ba zai nuna maka yadda ake raba nauyin kaya a kan tayoyi kafin a hau sikeli ba, ko yadda ake tsayawa bayan ɗan tafiya a sake ɗaure igiya da sarƙa domin kaya sukan zauna su saki.

Bayan wannan sai maganar kuɗi, ita ma ka bi ta dalla-dalla. Ana biya da awa, da wata, da tafiya, ko da nisan da aka ci? In da nisa ne, wa ke biyan awannin da za ka yi kana jiran lodi ko sauke kaya, da kwanakin da mota za ta yi a gareji? A nan ne albashi mai kyau a takarda yake zama ƙarami a aljihu. Ka tambaya kwana nawa za ka yi a waje kafin ka ga iyalinka. Ka kuma tambaye su kai tsaye: in na ce motar nan birkinta ba shi da lafiya ba zan fita da ita ba, me za a yi? Ka lura da fuskar wanda zai amsa. Haka batun awannin tuƙi. Ƙasashe da yawa sun ƙayyade su: a Tarayyar Turai awa 9 ne a yini, da hutun minti 45 bayan awa huɗu da rabi, a Amurka awa 11 ne bayan hutun awa 10. Ka san dokar inda kake aiki, kuma duk kamfanin da ya nuna maka cewa su sun iya zagaye ta, ka tashi ka bar wurin. Ranar da barci ya ɗauke ka a kan sitiyari, lasisinka ne da ranka da rayukan mutane, ba na wanda ya tura ka ba.

Game da wancan tayin na motar da za ta zama taka, shawarata kada ka karɓa yanzu. Yadda irin wannan tsarin yake tafiya shi ne ana cire kuɗin motar daga abin da ka samu kowane mako, sannan mai, gyara, taya da inshora su dawo wuyanka, alhali kamfanin ne har yanzu yake yanke irin lodin da zai ba ka. Makon da lodi ya yi ƙaranci ko injin ya lalace, kuɗin motar ba ya jira. In ka gaza, sau da yawa motar tana komawa hannunsu tare da duk abin da ka biya. Akwai tsofaffin direbobi da suke cin riba da shi, amma su sun san abin da mota ke ci a kowace kilomita. Kai ba ka sani ba tukuna, kuma ba aibi ba ne. Haka nan in wani kamfani ya ce zai biya maka ƙarin horo da sharaɗin ka yi musu aiki na wani lokaci, wannan ba laifi ba ne a kansa, amma ka karanta nawa za ka biya in ka bari kafin wa'adi, da kuma ko za ka biya in su ne suka sallame ka. Abin da aka faɗa da baki bai shiga takarda ba, ka ɗauka ba a faɗa ba.

Motar tanka ma ka ɗan dakata mata. Ruwa yana motsi a ciki, in ka taka birki ya tura ka gaba, in ka shiga kwana ya jingina gefe ɗaya, kuma tankar da ba ta cika ba ta fi cikakkiya wannan halin. Lokacinta zai zo bayan ƙafarka ta yi laushi a kan birki.

Kada kuma ka zauna watanni kana jiran aikin da ya yi maka daidai. Hannu yana tsatsa, kuma wasu kamfanonin in suka ga an daɗe da gama makaranta ba a tuƙa ba sai su ce a koma a sake horo. In ka samu wuri mai motoci masu lafiya da mai koyarwa na kirki, ka shiga ko da albashin bai kai yadda kake so ba, ka yi niyyar cika shekara guda a nan ba tare da haɗari ko tara ba. Watannin farko za su yi maka nauyi, za a ba ka tsohuwar mota da tafiyar da wasu suka ƙi, za ka ji wani wuri yana biya fiye da haka. Ka daure, domin takardar da ta nuna kamfani uku cikin wata takwas tana tsorata mai ɗauka fiye da wadda ba ta da komai. In kuma ya zama dole ka bari, saboda ana tilasta maka fita da mota marar lafiya ko an hana ka haƙƙinka, ka sanar da su a rubuce, ka kai kayan da ke kanka inda aka aike ka, ka mayar da motar harabarsu, ka ɗauki hotonta ciki da waje, ka miƙa makulli hannu da hannu ga wanda zai sa maka hannu cewa ya karɓa. Kada fushi ya sa ka ajiye mota a bakin hanya ka tafi, domin duk inda ka je neman aiki nan gaba za su kira wurin da ka baro, kuma wannan ne abu na farko da za a gaya musu.