Me ya sa ake zurfafa ginshiƙi ƙarƙashin tsohon gida

Ka tambaye ni, wai in za a ɗora bene kan tsohon gida, me ya sa ba za a faɗaɗa tushe kawai ba, sai an haƙa rami mai zurfi an zuba ginshiƙi. Ajiye wayar nan tukuna, ɗana. Ku yaran yanzu kuna tambaya, ido na kan Facebook.

Ƙasar bakin kogi, irin ta unguwannin Lamorde da Kirkisoye a Yamai, yashi ce da laka. Da rani ta ƙame kamar dutse, da damina ta sha ruwa ta saki. Aikin ginshiƙi shi ne ya ɗauke nauyin bango ya kai shi can inda ƙasa ba ta motsi.

A 2019 wani Alhaji ya kira ni gidan mahaifinsa a Lamorde, bango ya tsage, shi kuma bene yake so. Na ce ginshiƙi 8, kowane sai ya taɓa ƙasa mai tauri. Na ɗauko masu haƙar rijiya, muka riƙa haƙa ɗaya muna tsallake ɗaya, don ba a buɗe ƙarƙashin bango gaba ɗaya. Wajen mita 4 muka samu tauri. Simintin Malbaza na sa, buhu 7 a kowace mita kubu ta beto, wato kankare. Ɗaurin ƙarfe da kwaɓi kuwa, wanda bai iya su ba ya koma talla.

Mun gama ginshiƙi 5 sai Alhajin ya ce wai kuɗinsa nake binnewa a rami, ba ya ganin komai a sama. Rana tsaka ya kawo wani maso mai araha. Wannan ya tone gefen bangon daga kusurwa zuwa kusurwa, ya zuba beto mai faɗi, ko kwana 28 bai jira ya yi ƙarfi ba, ya hau bene. Ni kuwa jika 600 nake bin Alhaji, babu takarda, da baki muka yi don ina ganin girmansa. Babur ɗina na sayar na biya leburori, don ban taɓa cin gumin kowa ba.

Satumba 2020 kogi ya fasa shingen Lamorde, ruwa ya kwana unguwar. Ɓangaren da na yi ko gezau. Ɗayan ya nutse, tsaga ta buɗe har hannu na shiga. Ka san me Alhajin ya faɗa wa mutane? Wai aikina ne ya ja ginin gefe guda! Shantiye biyu na rasa saboda wannan magana, ni da na shekara 30 da cokalin gini a hannu. Har yau in na bi ta layin sai in kau da kai.

Tashi ka jiƙa beton can kafin rana ta ɗaga.