Malam, wai tsuntsun kasowari ne jagoran ruhina, ya halatta in yarda?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce, ƙawata ta turo min wani wasa a WhatsApp, za ka amsa tambayoyi sai a gaya maka dabbar da take jagorantar ruhinka, ni sai aka ce min wai kasowari, tsuntsun da ko sunansa ban taɓa ji ba. Suka ce ma'anarsa in zama mai ƙarfin hali kar in bari a taka ni, kuma duk sanda na gan shi a mafarki ko hotonsa ya faɗo min to saƙo ne. Gaskiya abin ya shige ni don halina ne sak, har na sa hotonsa a fuskar wayata. Shekaranjiya zan fita neman aiki sai bidiyonsa ya faɗo min yana kai ma wani hari, gabana ya faɗi na kusa fasawa, amma dai na je. Ina da laifi?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. 'Yata Allah ya yi miki albarka da kika tambaya tun abin bai yi jijiya ba.

Bari mu fara sanin tsuntsun tukuna, don ba a yanke hukunci a kan abin da ba a sani ba. Kasowari ɗan uwan jimina ne, ba ya tashi, yana zaune a dazuzzukan tsibirin Niyu Gini da arewa maso gabashin Ostareliya. Babbansa yakan kai tsayin mutum, jiki baƙi wuluk, wuya shuɗi da jar fata tana reto kamar ta talotalo, ga wani abu a ka kamar kwalkwali, sannan a yatsarsa ta ciki akwai farce kamar wuƙa da yakan kai santimita 12. A 2019 a jihar Fulorida ta Amurka wani dattijo da yake kiwonsa ya faɗi kusa da shi, tsuntsun ya ji masa raunukan da suka zama ajalinsa. To 'yata abin da bai gane mai ba shi abinci kullum ba, ta yaya zai san ke kina da ganawar neman aiki ranar Laraba?

Ɗaukar darasi daga dabba ba laifi, Alƙur'ani ma ya koya mana. Hankaka ne ya nuna wa ɗan Annabi Adamu yadda zai binne ɗan uwansa a Suratul Ma'ida, ga tururuwa da alhudahuda a Suratun Namli, ga ƙudan zuma, kuma Annabi (SAW) ya ce da za mu dogara ga Allah haƙiƙanin dogaro da ya azurta mu kamar tsuntsaye, su fita da safe ciki wayam su dawo da yamma a ƙoshe. Shi kansa kasowari akwai abin lura a tare da shi, macen tana yin ƙwai korra ta kama gabanta, namijin ne zai kwanta a kansu wajen kwana 50 kuma ya yi renon 'ya'yan kusan wata 9, ni wallahi wannan ya fi burge ni a kan farcen, da ma wasu magidantan namu za su ji. Yana haɗiye 'ya'yan itace ɗungurungum ya je can nesa ya kasayar da ƙwallon sai bishiya ta tsiro. Ki kalli wannan ki ce Subhanallah, lada ma za ki samu.

Inda matsalar take shi ne kalmar jagora da kalmar saƙo. Larabawan jahiliyya in za su yi tafiya sai su kori tsuntsu, in ya yi dama su tafi in ya yi hagu su koma gida, shi ake kira ɗiyara, asalin kalmar ma daga sunan tsuntsu take, mu muna ce masa camfi. Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito daga Ibn Mas'ud cewa Annabi (SAW) ya ce ɗiyara shirka ce. Irin camfin da ake yi da kukan mujiya ne a nan, sai dai wannan ya zo ta waya da hoto mai kyau. Wasu ƙabilun Niyu Gini suna ɗaukar tsuntsun nan kamar ɗan uwa, suna ado da gashinsa, suna ba da shi a kayan aure, suna yin wuƙa da ƙashinsa, wannan al'adarsu ce da aƙidarsu, kamar yadda Maguzawa suke da kan gida. Masu wasan intanet kuwa ko wannan alaƙar ba su da ita, sun zauna ne sun rubuta siffofin da kowa zai so a ce nasa ne. Wa za a ce masa kai jarumi ne ba a taka ka ya ce a'a ba ni ba ne?

Hukuncin hawa hawa ne. Wanda ya ƙudurce cewa ruhin tsuntsun yana tsare shi ko yana shiryar da shi ko ya san gaibu, ko ya kira shi neman taimako, wannan babbar shirka ce sai ya tuba. Wanda ya san Allah ne mai yi amma ya mai da ganin tsuntsun alama har ya fasa abin da ya yi niyya saboda shi, wannan ƙaramar shirka ce, haramun ce. Ke kuma gabanki ne ya faɗi amma kin tafi, ba komai a kanki in sha Allahu, don a ƙarshen ruwayar nan an ce ba wanda irin wannan ba ya ɗarsuwa a ransa sai dai Allah yana tafiyar da shi da tawakkali. In ya sake zuwar miki ki ce: Allahumma la khaira illa khairuka, wa la ɗaira illa ɗairuka, wa la ilaha gairuka, ki ci gaba da harkarki. In kina ruɗu a kan wani al'amari ga istihara ga shawarar iyaye.

Mafarkinsa kuma, wanda ya wuni yana kallon abu a waya ai ba mamaki ya gan shi da dare, zancen zuci ne kar ki ɗora komai a kai. Wasan ki daina shi kar ki tura wa kowa, ki yi wa ƙawar taki bayani cikin lalama ba da faɗa ba. Hoton ki cire shi daga fuskar wayar tunda da waccan niyyar kika sa shi. Allah ya sa a dace da aikin.

Wallahu a'alam.