Me Ke Cinye Cajin Waya a Ƙauye?

Tambaya: Malam, me ya sa cajin wayata ke saurin ƙarewa, har bayanta ya yi zafi, idan na je inda sabis ba shi da ƙarfi?

Amsa: Malama, a cikin kowace waya akwai na'urar da ke ƙara ƙarfin saƙon da take aikawa, kuma ƙarfen sabis ne ke umartar ta da ta ƙara ko ta rage. Idan kika yi nisa da shi, ko katanga ta shiga tsakani, ƙarfin saƙon wayar da ke kan tsarin GSM (wato 2G) kan kai wat 2 (wat ma'aunin ƙarfin lantarki ne), abin da ke cinye caji ya dumama bayanta. A tsarin 3G kuwa, ana daidaita ƙarfin nan sau 1500 a daƙiƙa guda, domin kada wayar kusa ta danne ta nesa. Ki riƙa fita fili idan za ki yi kira.